Makaman Taiwan: ihun da Sin ke yi yana da amfani kuwa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka, ya sanyi? Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. An tashi daga makaranta ina haɗa takarduna, wani ɗalibina ɗan ajin ƙarshe ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce, "Malam, lokacin hutu na ji a rediyo Amurka za ta sake sayar wa Taiwan makamai, Sin kuma ta yi Allah wadai da kakkausar murya. Tun ina firamare nake jin wannan kakkausar muryar. In ba ta hana komai, me ya sa ake yin ta?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, na ga alama bai gamsu ba, kuma yana da hujja.

Ga waɗanda ba su bi labarin ba, a watan Disamban 2025 gwamnatin Trump ta sanar da cinikin makamai na fiye da dala biliyan 11 da Taiwan, ciki har da motocin harba rokoki da ake kira HIMARS. Sin ta fusata, ta ƙaƙaba wa kamfanonin Amurka 20 takunkumi, kafin shekara ta ƙare kuma ta yi atisayen soja a kewayen tsibirin. Tambayar yaron nan na kawo muku. Ihun nan yana da amfani, ko ihu ne bayan hari?

Ɗan Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ganina ba shi da amfanin komai. Kamfanin ƙera makamai na Lockheed Martin da ake ta sa wa takunkumi, me yake sayarwa a Sin? Tun 1989 Amurka ta hana a sayar wa Sin makamai. Ka hana mutum cin kasuwar da dama can ba ya zuwanta. Don mutanensu na gida suke yi, a ga shugabanni ba su yi shiru ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, kada ka yi saurin yanke hukunci. Ko da don mutanen gida ne, ka san yadda mutanen gidan suka ɗauki zancen? Na yi shekaru ina zuwa Guangzhou saro kaya. Wata rana a shagon da nake sayen leshi, ana cikin lissafi, na ce wa yarinyar da ke yi mana tafinta wani maƙwabcina yana sayo kayan gyaran babur daga ƙasar Taiwan. Sai ta ajiye kalkuleta, ta dube ni da murmushinta amma ido ba wasa, ta ce, "Mama, Taiwan ba ƙasa ba ce, tamu ce." Yarinyar da ba ruwanta da siyasa, kullum hirarta waya da kwalliya. Daga ranar ban sake haɗa kalmomin nan biyu a bakina ba in ina can.

Barista na Wunti:
Ina gaishe ku daga Bauchi. Ƙanena Ɗan Jekadafari, Amurka kaɗai kake kallo, shi ya sa. Ƙirga ƙasashen da ke ƙera jiragen yaƙi da jiragen ruwa masu nutso, sannan ka ƙirga nawa ne a cikinsu ke sayar wa Taiwan manyan makamai a yau. Za ka ga Amurka ce ta rage kusan ita kaɗai. Sauran ina suka tafi? Ihun nan ne ya kore su.

Ɗauki Holan. Ta amince a ƙera wa Taiwan jiragen ruwa masu nutso guda biyu, sai Sin ta janye jakadanta a 1981, ta rage darajar hulɗar da ke tsakaninsu zuwa ta muƙaddashin jakada. Ba a daidaita ba sai 1984, bayan Holan ta ƙi amincewa da ƙarin jiragen da Taiwan ta nema. Faransa kuwa ta sayar da jiragen ruwan yaƙi shida a 1991, ta ƙara da jiragen sama samfurin Mirage guda 60 a 1992. Hajiya, a garin da kike saro kaya aka rama: Sin ta rufe ƙaramin ofishin jakadancin Faransa na Guangzhou, ta kuma cire kamfanonin Faransa daga aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin. A watan Janairun 1994 Faransa ta sa hannu cewa ba za ta ƙara ba kamfanoninta izinin ɗamarar Taiwan ba.

Ga wanda ya fi ban mamaki. A 2001 George Bush ƙarami ya yi wa Taiwan alkawarin jiragen nutso takwas masu amfani da man dizal. Amurka ta daɗe da daina ƙera irinsu, sai an nemi zane daga Turai. Jamus ta noƙe, Holan ta noƙe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Jirgi ko ɗaya bai zo ba, har Taiwan ta gaji ta ƙera nata, ta ƙaddamar da shi a 2023. Shekara ashirin da biyu ke nan. Wannan ba ihun banza ba ne.

Ɗan Jekadafari:
Yaya Barista, na karɓi wannan, ban san labarin Holan ba. Amma ai kasuwarta ce ta tsorata su, ba takardar ƙorafi ba.

Barista na Wunti:
To ai takardar ita ce sandar da ake nunawa kafin duka. Wanda ya ga an daki na gabansa, nuni ya ishe shi.

Malamin Tarihi:
Bari in sa baki a kan Amurka, don nan ne gizo ke saƙa. Ranar 1 ga Janairun 1979, zamanin Jimmy Carter, Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Taipei, babban birnin Taiwan, ta ƙulla da Beijing. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka majalisarta ta yi dokar da ta ce za a ci gaba da ba Taiwan makaman kare kai. Sin ba ta haƙura ba, aka yi ta ja-in-ja har aka fitar da sanarwar haɗin gwiwa ta 17 ga Agustan 1982. A ciki Amurka ta ce makaman da za ta sayar wa Taiwan ba za su wuce na shekarun baya ba, a yawa ko a inganci, kuma tana da niyyar rage su sannu a hankali. Amma kafin takardar ta fito, shugaban Amurka Reagan ya riga ya aika wa Taiwan da tabbaci shida, ciki har da cewa ba a tsayar da ranar daina sayarwa ba, kuma ba a yarda a riƙa neman shawarar Beijing kafin ciniki ba. Mutum ɗaya, baki biyu, a wata biyu.

Bayan shekara goma Bush babba yana yaƙin neman zaɓe, ya je masana'antar jirage a Texas ya sanar da sayar wa Taiwan jiragen yaƙi F-16 guda 150. Ma'aikata suka yi tafi. A 2010 Obama ya amince da cinikin dala biliyan 6.4, Sin ta dakatar da hulɗar soja da Amurka. A 2019 Trump ya ƙara F-16 guda 66 da tankokin Abrams 108. Ku saurari sanarwar ma'aikatar harkokin wajen Sin duk lokacin da aka yi sabon ciniki, da wuya ba ku ji an ambaci takardar 17 ga Agusta ba. Kamar mai bin bashi ne da ke zuwa ƙofar gida duk wata da takardarsa a hannu. Ya san yau ba za a biya ba, amma ba ya so gobe a ce ya yafe.

Barista na Wunti:
Malam, don adalci a faɗi amsar Amurka. Ita cewa take ragewar ta rataya ne a kan Sin ta bi hanyar lumana. Akwai wasiƙar sirri da Reagan ya rubuta mai wannan ma'ana, an fito da ita fili a 2019. Kuma a 2005 Sin ta yi dokar da ta ba ta damar amfani da ƙarfi in Taiwan ta ɓalle. Kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa cewa shi ya fara karya alkawari.

Baffa Tsohon Saje:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. An karanta mini duk abin da kuka ce. Ku kun san takardu, ni abin da idona ya gani na sani.

Na shiga soja a 1968, ban cika ashirin ba. Da dare muna kwance a rami, sauro na cinmu, sai ka ji ƙugin jirgi a sama ba fitila, ya nufi Uli a yankin Biyafara. Uli ɗin nan ba filin jirgi ba ne na asali, titin mota ne aka faɗaɗa. Wasu jiragen abinci da magani suke kai wa yara masu yunwa, wannan ba zan ɓoye ba. Na ga yaran da idona, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, Allah kada ya maimaita mana. Wasu jiragen kuma makamai ne, na Faransa, ana biyowa da su ta Gabon da Kwaddibuwa. Ba sai an gaya mana ba, kunne ke ba mu labari. In kayansu ya ƙare, harbi ɗai-ɗai za ka ji, mutum na tattalin harsashi. In jirage sun sauka kwana biyu a jere, sai wuta ta zubo kamar ruwan Agusta.

Gwamnatin Gowon ta yi ta ƙorafi, Faransa ta yi ta musu. Ina da aboki ɗan Kaltungo, kwano ɗaya muke ci, shi ke rubuta mini wasiƙa zuwa gida don ni a lokacin ajami kaɗai na iya. A ƙarshen shekarar nan ya faɗi kusa da ni, bayan irin wannan saukar jirage. Ni na cire masa takalmi. Har gobe ina ganin da ba a riƙa zuba makaman nan ba, da yaƙin bai kai Janairun 1970 ba, da shi da yaran can masu yawa sun rayu. Wanda ya aiko da makaman yana Faris yana barcinsa.

Saboda haka in na ji Sin na kuka cewa baƙo daga nesa yana ɗamarar wani yanki nata, na san irin kukan. Mun yi shi.

Maman Sadiq:
Allahu akbar. Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗan Jekadafari:
Baffa, Allah ya ƙara girma, Allah ya ba ku ladan hidimar da kuka yi wa ƙasa. Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina. Taiwan ba Biyafara ba ce. Gabashin Najeriya yana ƙarƙashin Legas har ranar 30 ga Mayun 1967 da Ojukwu ya ce ya fita. Taiwan kuwa gwamnatin Kwaminis ta Beijing ba ta taɓa mulkinta ba ko na kwana ɗaya. Japan ce ta riƙe ta daga 1895 zuwa 1945. Da Mao, jagoran Kwaminis, ya ci yaƙin basasar Sin a 1949, abokin gabarsa Chiang Kai-shek ya tsallaka can da gwamnatinsa da sojojinsa. Yau mutum miliyan 23 ne, da kuɗinsu, da fasfonsu, kuma tun 1996 suke zaɓen shugabansu da ƙuri'a. Akwai tsofaffi sa'o'inku, Baffa, da aka haifa a can ba su taɓa ganin tutar Beijing a kan ofishin gwamnati ba.

Sannan mu ma ai ba da gora muka yi yaƙin ba. Ingila ta ba mu makamai, Tarayyar Sobiyet ta ba mu jiragen MiG. Uwar da ke Owerri ita ma tana da wanda take ɗora wa alhakin ɗanta.

Hamma Direba:
Kai yaro, dattijo ya yi magana irin wannan kana kawo masa lissafin shekaru? Ina tarbiyya?

Mai Kula da Zaure:
Hamma, a yi haƙuri. Yaron ya yi sallama, ya nemi afuwa, bai zagi kowa ba. Muhawara muke yi. A ci gaba cikin mutunci.

Baffa Tsohon Saje:
Ku bar shi. Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, kuma na fi shi saninta. Jikana, ban ce ɗaya suke ba. Na ce zafin ɗaya ne.

Barista na Wunti:
Nan ne shari'ar take da sarƙaƙiya. Ranar 25 ga Oktoban 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 2758, ƙasashe 76 suka goyi baya, 35 suka ƙi. Aka ba Beijing kujerar Sin, aka fitar da wakilan Chiang Kai-shek. Najeriya na cikin masu goyon baya, dama tun 10 ga Fabrairun shekarar muka ƙulla hulɗa da Beijing. Sin na cewa wannan ƙuduri ya kashe magana. Amurka na cewa kujera ya raba, bai ambaci mallakar tsibiri ba.

Kun san in ana rikicin iyakar gona a gaban mai unguwa, akwai bambanci tsakanin mutum ya ce "na ji maganarka" da ya ce "na yarda da maganarka". To a sanarwar 1979, rubutun Ingilishi cewa ya yi Amurka ta san matsayin Sin na cewa Sin ɗaya ce kuma Taiwan ɓangarenta ce. Ta sani, ba ta ce ta yarda ba. A rubutun Sinanci kuma kalmar da aka sa ta fi kusa da amincewa. Kowa ya koma gida da takardar da ta yi masa daɗi, kuma a cikin wannan 'yar tsagar ake wucewa da jirage da tankoki shekara arba'in da wani abu.

Mu dai Najeriya ba mu bar tsaga ba. A watan Janairun 2017, ministan harkokin wajen Sin Wang Yi ya zo Abuja, namu ministan Geoffrey Onyeama ya tsaya kusa da shi ya ce ofishin kasuwancin Taiwan ya tattara ya koma Legas. Ƙasashe 12 suka rage masu hulɗar jakadanci da Taiwan, a Afirka Eswatini ce kaɗai. Maƙwabciyarmu Nijar ta taɓa komawa wajen Taiwan a 1992, ta dawo wajen Beijing a 1996. Burkina Faso sai 2018 ta juyo.

Malamin Tarihi:
Akwai abin da nake jinkirin faɗa saboda Baffa, amma ɓoye shi rashin amana ne. A lokacin yaƙin basasarmu, Beijing Biyafara ta nuna wa goyon baya, saboda tana gaba da Tarayyar Sobiyet wadda ke tare da Legas. Wato mai kukan yau cewa kada a taɓa haɗin kan ƙasarta, jiya ba ta ga laifin a taɓa namu ba. Yau ma ita ce babbar mai sayar wa Pakistan makamai, alhali Indiya na rikici da Pakistan a kan Kashmir tun 1947. Indiya ta yi ƙorafi, Sin ta ce ciniki ne tsakanin ƙasashe masu 'yanci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan bai wanke Amurka ba, amma ya kamata ɗalibina ya san babu waliyyi a wannan kasuwa.

Baffa Tsohon Saje:
Malam, ba ka ɓata mini rai ba. Gowon ya san da haka, kuma ya je Sin da ƙafarsa a 1974. Ƙasa ba ta riƙo irin na mutum.

Baban Hanifa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni daga Bajoga nake, kuma abin da ke ci mini rai daban ne. Ku tuna ƙarshen 2014. Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba. Farkon Nuwamba aka shiga Nafada, aka shiga Ashaka. Mun kwashe mata da yara a bayan tipa zuwa Gombe, mahaifiyata na riƙe da ƙullin magungunanta da buta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ƙanena soja ne, yana gabas a lokacin. In ya samu waya ya kira, ba ya cewa komai sai "Yaya, ku yi mana addu'a, kayansu ya fi namu."

A daidai wannan lokacin Najeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra ta hannun Isra'ila, Amurka ta hana, ta ce sojojinmu na take haƙƙin ɗan Adam. Jakadanmu a Washington, Adebowale Adefuye, ya fito fili a watan Nuwamba ya yi ƙorafi. Da kuɗinmu fa, ba kyauta muka roƙa ba. Mu ƙasa ce da duniya ta sani, da kujerarmu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ana yanka mutanenmu, aka ce mu jira. Jiragen yaƙi Super Tucano 12 ɗin da aka amince a sayar mana a 2017 ba su fara isowa ba sai Yulin 2021. Taiwan da Amurka kanta ba ta kira ta ƙasa, ita ake loda wa na biliyoyi. Ƙanena ya dawo da ransa, alhamdulillahi, amma ba da duka abokansa ba. Ku gaya mini wane ma'auni ake awo da shi.

Hamma Direba:
Shi ya sa muka koma sayen tankoki da jirage marasa matuƙa wajen Sin. Su ba sa yi maka wa'azi, ka biya ka ɗauka.

Maman Sadiq:
Baban Hanifa, na ji zafinka, kuma ina da nawa. Ina bakin aiki a asibiti ranar 22 ga Disamban 2014 da bam ya tashi a Tashar Dukku. Gadaje suka cika, muka shimfiɗa mutane a baranda. Akwai wata tsohuwa da ta riƙe mini hannun riga tana tambayata ina jikanta, ta aike shi sayen ruwa. Ban da amsa. Don haka ba wanda zai koya mini son a murƙushe waɗannan mutane.

Amma Hamma, rashin wa'azin nan ba abin alfahari ba ne. A Janairun 2017 jirginmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann bisa kuskure. A Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri. Mutanenmu ne, talakawa. Mai sayar da makami ya tambayi inda za a harba shi, wannan daidai ne. Inda na ga rashin gaskiyar Amurka shi ne tana yi wa wasu tambayar, wasu kuma ba ta yi musu. Sannan makami ba ya zama inda aka ajiye shi. Rumbunan Gaddafi da aka fasa a 2011, ina kayan suka ƙare? Sun bi Sahara sun gangaro. Duk muhawarar nan ta jakadu, ni mutanen baranda nake gani, ko a Gombe ko a Taipei ko a garuruwan Sin da ke ɗaya gaɓar.

Barista na Wunti:
Adda, akwai yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya da aka yi don irin damuwarki, ta fara aiki a Disamban 2014. Najeriya ce ta fara rattaba amincewarta a Afirka, a 2013. Sin ta shiga a 2020. Amurka ta sa hannu a 2013, majalisarta ba ta tabbatar ba, a 2019 Trump ya ce ya janye. Babban ɗan kasuwar ba ya cikin ƙungiyar 'yan kasuwa.

Baban Hanifa, ma'aunin da kake tambaya ba ɓoyayye ba ne. Taiwan ke ƙera mafi yawan ƙananan na'urorin kwakwalwar kwamfuta mafiya inganci a duniya, kamfanin TSMC can yake. Kuma tana zaune a tsakanin Japan da Filifin, a bakin ƙofar da jiragen ruwan Sin za su bi su fita babban teku. Bajoga ba ta tare wa kowa hanya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni tsorona ranar da maganar za ta tashi daga baki ta koma hannu. A 2022 da Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, ta je Taiwan Sin ta yi atisayen soja, kwantenarmu na kan hanya, kwana nawa ban yi barcin kirki ba. Mashigin tekun da ke tsakanin Sin da Taiwan, inda ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 130 ba, bai kai Gombe zuwa Bauchi ba, kuma jiragen dakon kaya na duniya ta nan suke bi. In wuta ta kama, wayar da ke hannunku, batirin sola, kayan gyaran Keke, duk sai mun ji a jikinmu a Babbar Kasuwa. Ni gara su yi ta aika wa juna takardu har tashin duniya.

Malamin Tarihi:
Barista, kai da ke kusa da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka tuna mini in na yi kuskure. A ƙarshen Disamban 1960 Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Najeriya na da wata uku da samun 'yanci. Farkon Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa tsayawa a ƙasarmu. Shin Faransa ta daina gwaji? Ba ta daina ba, ta ci gaba a Sahara har 1966. A ma'aunin Ɗan Jekadafari, ihun banza muka yi. Amma ni duk shekara in na zo wannan darasi, sai na ga ɗalibai sun gyara zama. Ƙasa jaririya ta ce wa De Gaulle, shugaban Faransa, iskar hunturu daga can take busowa kan 'ya'yanmu, ba mu yarda ba.

Kuma ba kyauta muka yi shi ba. Masana tarihi da dama na ganin De Gaulle bai manta da wannan ba, yana cikin abin da ya sa ya karkata ga Biyafara. Baffa, wataƙila jiragen da kuka riƙa ji da dare, wani ɓangare na kuɗin wancan ƙorafi ne aka zo karɓa.

Barista na Wunti:
Ba ka yi kuskure ba, Malam. A shari'ar ƙasa da ƙasa ma shiru yana da farashi. In wani ya yi shekaru yana iko da wuri kai ba ka ce uffan ba, kotu na iya ɗaukar shirunka a matsayin yarda. Shari'ar Bakassi da muka sha kaye a 2002 ta nuna mana nauyin tsofaffin takardu, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 aka ɗauko. Sin ta san wannan sarai, shi ya sa ko kayan gyaran jirgi aka sayar sai ta rubuta.

Ɗan Jekadafari:
Na ƙaru sosai, kuma na janye cewa ihun ba shi da amfani. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini abu ɗaya. Mutum miliyan 23 na zaune, maƙwabcinsu ya ce ko da ƙarfi sai ya haɗe su, yana shawagi da jiragen yaƙi kusa da su kusan kullum. In kowa ya bi sahun Holan da Faransa, me za su kare kansu da shi? Yukiren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada a 1994 aka ba ta takardar tabbaci a Budapest, da sa hannun Rasha a jiki. Mun ga abin da takardar ta tsinana mata. Ni ba Amurka nake karewa ba, Baban Hanifa ya gama da ita. Mutanen tsibirin nake tambaya a kansu.

Baban Hanifa:
Wannan tambayar taka ta taɓa ni, ƙanena, don mu ma mun taɓa zama waɗanda aka bari hannu rabbana. Ba ni da amsarta.

Baffa Tsohon Saje:
Jikana, ni ma ba ni da ita. Abin da na sani, wanda aka tara wa makamai yakan ji kamar ya fi ƙarfinsa na gaske, wanda ake tara su dominsa kuma yakan ce bari in yi sauri kafin su fi haka yawa. Na ga duka biyun. Amma kuma na ga garin da aka shiga ba mai kare shi. Kada ka bar tambayarka don na girme ka.

Malamin Tarihi:
Baffa, ina neman alfarma. Ranar Alhamis ina da ajin nan da ƙarfe goma da rabi. In jiki ya yarda, ku zo ku ba su labarin Uli da bakinku, yadda kuka ba mu. Ɗan Jekadafari, kai ma in ba ka da lacca ka zo ka kawo taka hujjar, yaron ya ji ɓangare biyu. Zan sanar da shugaban makaranta gobe.

Ɗan Jekadafari:
In sha Allahu ina nan tafe, Malam. Ni zan biya in ɗauko Baffa.

Baffa Tsohon Saje:
Allah ya kai mu. Ka zo da Keke, gwiwata ba ta son babur yanzu. Akwai hoton abokina ɗan Kaltungo a cikin akwati, zan sa a nemo shi daren nan. Malam, yaron da ya yi tambayar a zaunar da shi a gaba, kunnena na hagu ba ya ji sosai.